Wata Bakwai a Zauren Baba

Har yau in na ji warin tafasa a tukunya, raina ɓaci yake yi. Ita muka ci safe da yamma a shekarar da gwamnatin soji ta hana Baba fita ƙofar gida.

Baba makaɗin 'yan kokawa ne. Da kaka yana kiɗa a Matameye da ƙauyuka, da rani ya tafi Kano dako, yana aiko mana da abin tuwo. Shekarar farin nan gonarmu ko dami biyar ba ta ba da ba. Ana cikin wasan kokawa, ga manya zaune, sai Baba ya sa a waƙa cewa jar dawar taimako ta san hanyar kasuwa, ba ta san ta gidan talaka ba. Washegari jandarma biyu suka ɗauke gangarsa da takardar tafiyarsa. Suka ce in ya taka waje, sai kaso. Ko Juma'a ba a bar shi ya je ba, balle Kano.

Ka dai san mutane. Masu rawa da kiɗansa jiya suka koma sauya hanya in sun hango ƙofarmu. Biyu kaɗai suka rage: tela maƙwabcinmu, da wani tsohon ɗan kokawa mai takowa a ƙasa daga ƙauyen Dawce. Bayan la'asar sai su zauna a zaure, hirarsu ɗaya ce. Wa ya kada wa a kokawar Dungu, da ƙafa ne ko da ƙugu. Ko labarin ranar da wani mawaƙi ya zo daga Damagaram, lasifika ta mutu, jama'a suka yi ta amsa masa da baki har aka tashi. Baba ya kifa ƙwarya yana kaɗawa da yatsu, tsohon ya miƙe yana kirari, tela na dariya har da tari.

Ni kuwa ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ni ke yawon tsinko ganyen tafasar. Ƙanena ya rame har wuyansa ba ya ɗaukar kansa. Wata rana na dawo da ƙaya a ƙafa, na tarar suna shewa. Ban san lokacin da na tsaya a kansu ba.

"Kuna dariya, mu muna cin ciyawa! Baba, waƙarka ce ta ja mana!"

Ba wanda ya tsawata mini. Baba ya ture ƙwaryar. Tsohon ya ɗauki sandarsa, tela ya bi bayansa.

Kwana huɗu ba su zo ba. Baba ya kwanta ya juya fuska bango, ko ruwa sai an matsa masa. A na biyar Inna ta kama kunnena.

"Kin ga abin da kika yi? Hirar nan ce ke riƙe da shi. Tafi ki ba su haƙuri."

Na je wajen tela, na durƙusa. Bai bar ɗinkinsa ba, ya ce, "Tashi, 'yata. Ba ƙarya kika yi ba, amma ba mu ne muka ci dawar ba." Shi ya aika Dawce a kira tsohon. Da la'asar suka dawo, suka ɗauko gardamar Dungu daga inda ta tsaya.

Ƙanena ya rasu kafin ruwa ya sauka. Baba ya yi masa salla a tsakar gida, aka fita da shi, Baba yana tsaye a bakin zaure. Da aka cika wata bakwai da hana Baba fita, wani jandarma ya leƙo ya ce yana iya fita. Ba dalili, ba haƙuri, ba ganga.

Yanzu yara a waya suke kallon kokawa, kowa shi kaɗai, kuma ba wanda ya san an yi wani makaɗi a unguwar nan. Da Baba ya rasu, masu sauya hanyar nan, duk sun zama Alhazai, suka cika zaurenmu suna cewa mutum ne mai faɗin gaskiya. Aka ce in kai musu ruwa. Na ce ƙafata na ciwo.