Ranar Da Bakura Ta Zama Faris

Jikata sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka bakina bai taɓa furta shi ba. Inna nake ce mata. A shekarar da wannan abu ya faru ko firamare ba ta shiga ba.

Ubanta shi ne babban ɗana, yana koyarwa a jami'a. Sun zo gida Talata Mafara hutun babbar Salla, shi da matarsa da Innar tawa. Wata safiya bayan mun karya kumallo ya zauna a gefen tabarmata ya ce, "Baba, in Allah Ya yarda, dogon hutu mai zuwa za mu Turai buɗe ido. Mu fara da Faris, mu wuce Rum."

Na ajiye tasbaha. "Farisa da Rum? Masha Allahu! Waɗanda muka karanta labarin yaƙinsu?"

Ya kai hannu ya rufe baki. Surukata tana bakin ɗaki, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa.

"A'a Baba, ba Farisa ba. Babban birnin Faransa nake nufi."

Ni dai ban ga laifina ba. Harafin da Turawa ke fara sunan garin da shi babu shi a allon da aka koya mana. Da fa'un muke rubuta shi, haka kuma bakinmu ke faɗar sa.

Ya nuna mini taswira a wayarsa. Faris, Rum, wani birni da ya ce titunansa duk ruwa ne, da wasu da na kasa riƙe sunayensu. A sauka, a kalli gine-gine, a kwana, gari na wayewa a hau jirgin ƙasa zuwa na gaba.

Na ce, "To Inna fa?"

Surukata ta matso ta durƙusa. "Baba, abin da muka zo roƙo ke nan. Ba za ta iya wannan gudun ba. Mu bar ta nan wurinku har mu dawo."

"Ni dai na ce za ta iya," in ji mijinta, yana kallon ƙasa. Na gane an daɗe ana wannan gardama.

Ashe Inna tana bayan ƙofa. Sai ga ta da takalma a juye, ta rataya 'yar jakarta. "Ni zan je Faris," ta ce. Ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya tana duban mu ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "To a gwada ta. Gobe Bakura ce Faris, Maradun ce Rum, madatsar Bakolori kuma garin ruwa. Mu yi daidai yadda kuka tsara, a sauka, a kalla, a wuce. In ta jure, da ita za a tafi. In ta gaza, ga ni ga kakarta."

Kowa ya yarda, har ita.

Muka yi addu'ar tafiya muka fita da hantsi a motar ɗana. Gonakin shinkafa sun yi kore shar a gefen hanya. Tun kafin mu yi nisa ya kafa mini doka. "Baba, don Allah ba shiga gidan kowa. A can ba mu san kowa ba, to nan ma haka za mu yi."

Na ce to, da zuciya ɗaya.

Muka tsaya a bakin kasuwar Bakura. Inna ta sauko, ta dubi hagu da dama, ta ɗaga murya, "Mama, Faris akwai awaki!"

Ba mu kai rumfa ta biyu ba wani mai albasa ya shaida ni. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mutanen Mafara, ya aka ji da ruwa. Kafin mu gama gaisawa labari ya isa gidan ƙanwata da ke aure a garin. Sai ga ta tafe, mayafi a karkace, tana haki.

"Yaya! Ka shigo gari ka tsaya kasuwa kamar wanda bai da kowa? Mi ni yi maka?"

Ɗana ya russuna. "Gwaggo, wucewa za mu yi. Gwaji ne muke yi."

"Gwajin mi? Rufe min baki, kai da na goya kana yi mini fitsari a baya. Ku wuce mu tahi."

Ya dube ni, na dubi sama. Wa zai ce wa ƙanwarsa ya zo garinta ne don ya kalli gine-gine?

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, aka kawo ruwa, aka dama fura. Maƙwabta suka riƙa shigowa, kowa da tasa gaisuwar tun daga farko. Can muka ji kukan zakara a bayan ɗaki, kukan da ba na asuba ba. Ɗana ya dubi agogo.

"Gwaggo, Rum na jiran mu."

"Wace ce Rum? Ta jira. Miya ba ta nuna ba."

Ita kuwa Inna, da muka shiga, zanen uwarta ta cafke. Yaran gidan suka kewaye ta, ta ɓoye fuska. Aka miƙa mata fura ta ƙi. Haka ta zauna har rana ta take tsaka, sannan ta fara leƙen wani ɗan akuya da ke ɗaure a turke. Da muka dawo daga sallar azahar ba mu gan ta ba. Tana bayan rumbu, ƙafafu buɗu-buɗu, tana ba ɗan akuyan ganye, tana kuma yi wa yaran bayani cewa garinsu Faris ne, su ne ba su sani ba. Da aka sauke tuwo ta sa hannu a kwano ɗaya da su, ita da a gida sai an bi ta da cokali ana lallashi. Ta ci ta ƙoshi, ta miƙe a tabarma ta yi barcinta. Na ga idon surukata bai bar kan yarinyar ba.

La'asar ta same mu a nan. Yanzu kuwa ba mai son yamma ta riske shi a hanya, don haka Maradun da Bakolori sai wani jiƙon. Da ƙyar aka raba Inna da turken nan. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba jiya.

A mota ɗana ya yi ajiyar zuciya. "Gwaji ya lalace. Gari ɗaya ma ga yadda aka rabu. Kin fi ni gaskiya, a bar ta wurin su Baba."

Inna ta daina shessheƙa, ta kasa kunne.

Surukata ta ce, "A'a. Ni na ga abin da nake son gani. Rabin wuni ta yi kafin ta saki zanena. A tsarinka, lokacin da za ta saki shi ne lokacin da za mu kama hanyar tasha. Tafiya ba ta dame ta ba, tashin ne. Ka bar Faris da Rum kawai, mu zauna a kowanne har ta saba."

"Garin ruwan fa? Tun ina ɗalibi nake son ganin sa."

"Ƙafewa zai yi kafin ta girma?"

Na yi dariya har na sarƙe. Muka wuce gona bayan gona. Sai ɗana ya zaro wayar daga aljihu ya miƙa wa matarsa ta baya.

"Cire sauran."

Inna ta taɓa kafaɗarsa. "Abba, an bar ni?"

"Da ke za a tafi."

Na ce alhamdu lillahi, ko da yake ni ne na rasa baƙuwar da aka so a bar mini. Ita kuwa ta koma ta jingina da uwarta, ta ɗaga ƙafafunta masu ƙura ta ɗora a kan kujera, ta ce wa ubanta ya ƙara gudu.