Malam Arzika da Gawayin da Ni Na Shafa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Maris, 1986, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malam Arzika Mode a gidansa na Horo Birni, ƙasar Shagari, bayan jinyar ciwon ƙirji ta mako uku. Shekarunsa hamsin da ɗaya. An sallace shi bayan la'asar. Ni labarin bai iske ni a Bodinga ba sai washegari, daga bakin wani direban motar kasuwa, don haka ko ƙasar kabarinsa ban samu zubawa ba.

Malam, shekara bakwai na yi a ƙarƙashinka a makarantar sakandaren da muka koyar a Bodinga, kana mataimakin shugaban makaranta. Ranar da na fara zuwa, da akwatin ƙarfe ɗaya na sauka, ban san inda zan kwana ba. Ka dube ni sama da ƙasa, ka ce in biyo ka. Wata biyar na yi a shagon ƙofar gidanka ina cin tuwon Inna Kulu, matarka, ba ka taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. Ban taɓa ganin bulala a hannunka ba kuma. In yaro ya yi laifi, sunan kakansa kake kira, ka ce masa jikan wane bai dace da haka ba. Ka san kakan kowa tun daga Danchadi har Shagari, kuma yara sun fi tsoron wannan da sanda.

Masu alkalami da suka fi ni za su lissafa sauran alherinka. Ni magana ɗaya gare ni, kuma ta daɗe a wuyana.

A 1982 aka kawo mana malamin lissafi daga Amurka, Zaid Hamilton, Musulmi, baƙar fata kamar mu. Mu da muka shirya tarbar Bature sai ga mutum ya sauko daga mota kamar ɗan Horo Birni. Malamai suka ce Malam Zaidu, gari ya ce Baƙin Bature. Ƙanensa kan aiko masa da kaset na wani sabon kiɗa da samarin baƙaƙen fata suka ƙago a birnin New York, suna kiransa hip hop. Ganga ce da magana a jere, da sauri, ba rerawa. Yakan kunna da yamma a barandarsa, yara su yi dafifi. Kafin zango ya ƙare sun koyi wata rawa ta juyi a ƙasa da baya da ka, wanduna suna yagewa, iyaye suna kawo ƙara.

In faɗi gaskiya, ba wandunan ne suka dame ni ba. Ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma yarana duk sun watse sun koma barandar Zaidu. Haushi na ji, ba wani abu ba.

Me na sani game da baƙaƙen Amurka? Abin da na gani a silima a Sakkwato ne kawai: ɓarawo, mashayi, ɗan dambe. Da wannan ilimin na zauna na rubuta wasan ranar ba da kyauta ta watan Yunin 1983. Na zaɓi yara uku. Na dama gawayi da man gyaɗa na shafe musu fuska, na zagaye leɓunansu da alli. Yaran nan kuwa baƙaƙe ne tun daga gida. Amma a wasanninmu na makaranta mugu kullum da gawayi yake fitowa, haka muka taras, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Na ɗora musu rediyon kwali a kafaɗa, suna tafe suna gwalantu, su saci albasa a kasuwa, ɗan doka ya damƙe su. Kai ka sa hannu a takardar shirin ba tare da ka ga gwaji ba, saboda ka amince da ni.

Fili ya ɗauka da dariya, har da manyan baƙi. Zaidu na zaune a sahun gaba. Ya miƙe a hankali, ya ratsa mutane ya fita. Bayan kwana biyu ya rubuta ƙara zuwa hedikwatar ma'aikatar ilimi, ya ce an yi wariyar launin fata a makaranta, an mai da mutanensa abin ba'a. Takardar tuhuma ta zo da sunanka, tunda sa hannunka ne a kai.

Da ka karanta a ɗakin malamai dariya ka yi. Ka naɗe hannun riga ka ce, "Ni Arzika? In na ƙi baƙi, ina zan kai wanga hannu?" Duk muka tuntsire, ni na fi kowa. Amma bayan la'asar ka ce in raka ka gidan baƙo, don wanda ya bar ƙasarsu ya zo taka, in ya tashi daga taro cikin fushi, ba a barin rana ta faɗi ba a bi shi ba, mu kuwa mun riga mun makara.

Zaidu bai ba mu wurin zama da wuri ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani littafi mai tsofaffin hotuna. Turawa ne a kan dandamali, sun shafe fuska da baƙi, sun zagaye leɓe da fari, daidai yadda na yi wa yarana. Ya ce shekara da shekaru da haka ake nishaɗi a ƙasarsu, ana nuna baƙin mutum a matsayin ɓarawo da wawa, kuma kakansa ko kallon ma sai daga can baya aka yarda ya yi. Ya ce ya ƙetaro teku ne da tunanin akwai ƙasa ɗaya da ba zai ga wannan fuska ba.

Ka daɗe kana duban hoton. Sannan ka ce ya kunna mana kaset ɗin, ya warware mana maganar ɗaya bayan ɗaya, don Turancinmu na aji bai kamo ta. Ashe saurayi ne ke ba da labarin mahaifinsa da aka sallama daga masana'anta, da yadda 'yan sanda ke tare shi sau uku tsakanin gida da makaranta. Ka ce ai wannan 'yan gambarar kasuwar Shagari ne, masu faɗin gaskiya da ganga, kuma mu ma kwabo muke jefa musu mu hana su auren 'ya'yanmu. Daga nan ka ce masa mun yi masa laifi, ya yafe mana.

Ya tambaya wa ya rubuta wasan. Ina zaune dab da kai. Ka ce, "Ni nas sa hannu." Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Ranar Litinin ka tsaya gaban ɗalibai ɗari shida ka ba baƙo haƙuri, ka hana shafa gawayi a wasan makaranta. Zaidu ya sake rubuta takarda ya janye ƙararsa, har ya riƙa zuwa gidanka cin tuwo ranar Juma'a. Sai dai takardar farko ta riga ta shiga fayil ɗinka, tare da amsar da ka bayar mai layi biyu, wadda babu sunana a cikinta. Na same ka a gindin dogon yaro na ce zan je in faɗi gaskiya. Ka ce, "Maniru, kai alli kaɗai gare ka. Ni ina da gona. Kak ka buɗe baki." Na bi umarninka, Malam, kuma na bi shi da saurin da har yau nake jin kunyarsa.

Da sojoji suka karɓi mulki aka shiga rage ma'aikata a 1984. Masu tacewa ba su karanta dogon bayani, duk fayil mai takardar tuhuma gefe ake ajiye shi. Haka aka sallame ka. Zaidu ya je hedikwata har sau biyu a kanka, ba a saurare shi ba, ya koma ƙasarsu a ƙarshen shekarar zuciyarsa a ɓace. Kujerarka kuwa ni aka ba. Ina kanta har yau.

Gonar da ka dogara da ita ta gamu da fari a daminar shekarar. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ka koma noman albasa a fadama da rani, mutumin da ya shekara ashirin da bakwai da alli a hannu. Nakan zo gaishe ka, ka tambaye ni yara ɗaya bayan ɗaya da sunayen kakanninsu. Ko sau ɗaya ba ka tayar da zancen ba, ni ma na ji daɗin hakan na yi shiru.

Ranar sadakar uku ina zaune a ƙofar gidanka, sai na ji wani a bayana yana gaya wa na kusa da shi cewa ai mamacin shi ne malamin da aka kora don ya zagi baƙo. Sodangi, babban ɗanka, yana tsaye yana raba goro. Ya ji. Ya wuce da farantinsa.

To, jama'ar Bodinga da Shagari, ku ji. Malam Arzika bai zagi kowa ba. Ni, Maniru Idi Danchadi, ni na rubuta wasan, ni na dama gawayin, ni na shafa shi da hannuna, saboda hassada da jahilci. Na wulaƙanta mutanen da ban sani ba, na ƙona zuciyar baƙo, na bar wani ya ɗauki laifin. In wannan ya sa a karɓe kujerar, a karɓa. Na kuma aika wa Malam Zaidu kwafin wannan rubutu.

Kafin in kai shi jarida, ranar sadakar bakwai, na nemi iso wurin Inna Kulu. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin da take takaba na karanta mata daga farko har ƙarshe. Ta ce ta sani tun ranar da abin ya faru, kuma kai ka hana ta faɗa wa kowa, har 'ya'ya. Na tambaye ta ko ka taɓa jin haushina. Ta ce sau ɗaya, ranar da Hasiya, autarku, ta dawo daga makaranta tana kuka don an kira ta ɗiyar korarre. Ta ce ranar ba ka ci abinci ba.

Na roƙe ta gafara. Ta ce, "Na yafe ma, Malam Maniru. Amma da ka zo da ita bara, da shi ka karanta ma."



Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya yalwata maka kabari, ya haskaka shi, ya rufa maka asiri ranar tsayuwa kamar yadda ka rufa wa wanda bai cancanta ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kulu, da Sodangi, da Hadiza, da Hasiya, da dukan dangi a Horo Birni, da ɗalibanka inda duk suke. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Mu kuma da muka saura, Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun mai jinta na da rai, ya sa mu cika da imani. Amin.