Bangon Zauren Alhaji Dawuda

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin da zan faɗa ba abin alfahari ba ne. Amma ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Dawuda, mai fataucin doya a Salaga, ya dawo daga Makka ba, can ƙarshen shekarun tamanin.

Lokacin shekarata shida ina aikin fenti a hannun Masta Seidu, mutumin Yendi. A unguwarmu in mutum ya tafi hajji, 'yan'uwa sukan yi wa gidansa fenti kafin ya sauka. Mu aka ba aikin. Mun fara ke nan aka aiko cewa yayar Masta ta rasu a Yendi. Da zai hau mota ya ce in kula da zaure, tsohon fentinsa bai kwanta masa ba.

Ga wanda bai san sana'ar ba, akwai fentin mai, akwai na ruwa. Na ruwa ba ya kama jikin na mai saboda santsi. Sai an wanke bango, an goge da sanfefa, takardar nan mai kaushi, har ƙyallin ya mutu, an shafa fentin ƙasa, wato shafin farko, ya bushe. Masta ya koya mini gwaji: ka watsa ruwa, in ya dunƙule ya gangara, na mai ne. Sau uku na watsa a bangon nan, sau uku ya gangara.

Aikin kwana uku ne, ga damina, Alhaji kuwa jibi zai iso. Ƙanensa Malam Isaka ya ce fenti ai fenti ne, in shafa kawai. Ni mutum ne mai tsoron tsawa. Na shafa farin na ruwa a kan koren na mai. Ya yi kyau ƙwarai, ni dai na kasa cin abinci.

Ranar sauka zaure ya cika, ana raba dabino da zamzam, dattawa sun jingina da bango. Liman ya miƙe zai tafi, sai fenti ya biyo bayan rigarsa kamar ɓawon albasa. Kowa ya shiga duba bayansa. Da safen nan Masta ya dawo, yana zaune a bakin ƙofa. Malam Isaka ya nuna shi da yatsa, ya kira shi maha'inci a gaban jama'a.

Masta ya miƙe ya ce, "Aikina ne. Ku yi haƙuri."

Ina tsaye da dabino a hannu. Ban buɗe baki ba.

Tare muka kankare bangon. A kwana na uku, muna cikin guga, ya ce, "Haruna, ka watsa ruwan?"

Na ce, "Na watsa, Masta."

"Me ka gani?"

"Na mai ne."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da guga. Bai sake ta da maganar ba.

Bangon ya gyaru, sunan Masta bai gyaru ba. Ba wanda ya sake kiransa aiki. Ni aka koma kira, ana cewa ni ne mai tsanaki. Kafin wata daminar Masta ya kwashe iyalinsa zuwa Bawku, ya bar mini manyan burushinsa biyu a wurin matata.

Tun daga ranar ban sake shafa fenti ban yi gwaji ba, har abokan aiki suna mini dariya. Ina gaya musu duk yadda sama ya yi kyau, abin da ke ƙasa zai fito, kuma sau da yawa ba mai laifin ake nunawa ba.

A shekarun casa'in na je Bawku nemansa, aka ce ya koma wajen Tempane. Kuɗin motata ya isa, zuciyata ce ba ta isa ba.

Masta Seidu dogo ne, ɗan yatsansa na hagu a lanƙwashe, babbar 'yarsa Fuseina. Don Allah, wanda ya san inda yake, ko 'ya'yansa, ko kabarinsa, ya sanar da ni. Na riga na gaya wa Malam Isaka gaskiya a zauren Alhaji Dawuda. Saura su su ji.