Mai Sauraron Ruwan Sigiriya

Ranar 3 ga Oktoba, 1988, na kama aikin magatakarda a gindin dutsen Sigiriya, wanda wani sarki na dā ya gina fadarsa a ƙololuwarsa. A ranar na tarar da wani dattijo mai suna Heenbanda kwance a lambun fadar, kunnensa manne da ƙasa.

Aikinsa yasar bututun yumɓu da maginan sarki suka binne, wanda ke sa ruwa ya yi tsiri sama idan damina ta kankama. Babu taswira, da kunne yake gane inda ya toshe. Matarsa ta rasu, ɗansa ya tafi birnin Kolombo tuƙin bas. Shi kaɗai yake shan shayinsa da mazarƙwaila a inuwar dutsen.

"Ɗan alƙalami, zo ka kwanta ka koya," ya ce mini. "In na mutu wa zai saurari ruwan?"

"Da farin wandon nan, Kawu? Faɗa mini dai in rubuta."

"To rubuta: nan yana tari, can yana minshari."

Haka na rubuta. Shekara tara yana kirana, ni kuwa ina rubutu a tsaye, har shafi ɗari da goma sha biyu.

Ya rasu ranar 20 ga Agusta, 1997. Da damina ta zo, ruwan ya ƙi tashi a wuri ɗaya. Na buɗe littafin, na kwanta cikin laka, na manna kunne. Ban ji komai ba. Sai da aka haƙa rami huɗu kafin a gano inda ya toshe.