Bokitin Farar Ƙasa a Ƙetaren Kogi

Ranar Asabar ɗin da ke gaban idin Tashin Almasihu, yaran majami'armu suna ƙarƙashin rumfa suna koyon waƙa ana raba musu ruwan sanyi, ni kuwa ina kan hanyar bakin kogi da bokitin farar ƙasa a ka, tsintsiya a hammata, ina jiran kakata ta gama tsallake wani kwatami da ko kaza ba za ta tsaya duba shi ba. Zafin bazara a Gaya ba sai an faɗa ba. Da na fasa ƙwai a goshina ranar, da ya soyu kafin ya gangaro hanci.

Kakata, uwar babana, tana kirana maigida, ni ina kiranta amarya, ko da yake amaryar tawa gwiwoyinta sun riga ta yin ritaya. Mijinta na gaskiya, wato kakana, yana kwance a maƙabartar Kiristoci ta Malanville, garin da ke ƙetaren kogi, a maƙwabciyar ƙasa. Masunci ne. Can ciwo ya kayar da shi, can ya cika a asibiti, kuma gawa ba ta jiran takardun iyaka a irin wannan zafi, sai aka binne shi can. Tun daga lokacin, duk Asabar kafin idi kaka takan ƙetare gada, ta share kabarin, ta cire ciyawa, ta shafe shi da farar ƙasa har ya riƙa kashe ido. Da aka toshe gada, gwiwa kuma ta ƙi, sai aka yi idi bayan idi ba ta je ba. Bana ta ce ko a bayan dorina ne sai ta ƙetare. Babana yana da hidimar majami'a, yayyena duk suka tuna suna da ciwon kai, sai aka juyo aka dube ni.

Kowa a gidanmu ya san ba tsabta ce kawai ke kai ta ba. Kakana ya yi rayuwarsa kaf bai taɓa taka majami'a ba. Ran Lahadi idan kaka ta ɗaura ɗankwali, sai ya ce ta gaishe masa da mutanen sama, shi yana da alkawari da kifi. Sai a kan gadon asibiti, ana saura kaɗan, ya ce ya ba da gaskiya ga Yesu. Bai taɓa share majami'a ba, bai taɓa azumi ba, waƙa ko ɗaya bai iya ba. Kaka tana ganin mutum ba ya zuwa gaban Ubangiji hannu wofi haka, don haka take ƙara masa ɗan abin da ya samu, shekara shekara, da tsintsiya da farar ƙasa. Fasto ya sha gaya mata cewa ceto ta wurin bangaskiya ne, alheri ne, ba a cika shi da aikin wani. Takan ce haka ne, amma fasto bai taɓa zama da mutumin nan ba. Har wasiyya ta bari: idan ta mutu a kai ta gefensa, don ranar tashi ta samu ta sa masa baki, tunda shi bai iya magana da manya ba. Wannan wasiyya ita ke hana babana sakewa. Ya rasa yadda zai ɗora gawar uwarsa a kwalekwale tsakanin buhuna.

Mai kwalekwalen da ya ɗauke mu Musulmi ne, ɗan wani abokin kamun kifin kakana. Ya gaishe ta da Dendanci har ƙasa, ya kira ta inna, ya gyara mata wuri a kan buhun albasa. Ni aka cusa ni tsakanin wani babur da wata akuya da ta ɗauki tsintsiyata a matsayin abincin rana. Ruwa ya ja baya sosai, amma duk da haka na ji kamar teku muke ketawa. Kaka ta riƙe bakin bokitin da hannu ɗaya kamar wani zai ƙwace.

A ƙetare muka hau babura. Ta damƙe cikin mai babur ɗinta har na ga mutumin yana numfashi da kunne. Muka sauka a bakin maƙabarta rana tana tsakiyar ka.

Kaka ba ta karatu. Alamarta giginya ce, wata mai lanƙwasasshen wuya, kabarin yana gabas da ita kaɗan. Muka shiga, ba giginya. Ba ita kaɗai ba, duk 'yan uwanta da ke layin an sare su an yi azara, sai kututture a jere, kowanne kamar ɗan uwansa. Ambaliyar damina ta bi ta wurin ta shafe tudun kaburbura, ta wanke farin da ya rage. Gicciyen katako kuwa gara ta cinye wasu, sauran wani mai kirki ya tattara ya jingine a jikin katanga. Abin da ya rage a wannan kusurwa 'yan tuddai ne masu kama ɗaya, kamar kunyoyin dankali da aka manta.

Ta fara bin kututturen ɗaya bayan ɗaya. Ta dafa wannan, ta juya gabas, ta ce nan ne. Na sauke bokiti. Ta ce a'a, ɗauka, wancan ne. Na ɗauka. Muka je wancan, ta ce ai daga nasa ana hango rufin wani gida, amma yanzu gidaje sun cika ko'ina. Na sauke bokitin nan na ɗauka har wuyana ya shige cikin ƙirjina. Ba kowa a wurin da za mu tambaya sai awaki, su kuma ba su nuna sun san shi ba.

Daga ƙarshe ta zauna a ƙasa, a cikin ranar, ta miƙe ƙafafu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Maigida, na ɓatar da shi."

Na gwada abin da na iya. Na ce mu ajiye busasshen kifi a tsakiya, tudun da ya motsa shi ne. Na ce ko ta ɗaga murya ta ce za ta majami'a, duk inda aka ce a gaida mutanen sama, mun same shi. Ko murmushi ba ta yi ba. Na zauna gefenta, na kare ta da inuwata, wadda ba ta fi faɗin tsintsiya ba. Harshena ya bushe, idona yana ganin taurari da rana tsaka, kuma abin da kawai ke raina shi ne wa zai mayar da bokitin nan Gaya.

Shi ya sa na tuna labarin da za a karanta gobe, na matan da suka yi sammako da kayan ƙamshi za su gyara jikin Yesu, suka tarar kabari ba kowa. Na ce mata a duk shekara ana ba da labarin nan, amma ba wanda ya taɓa faɗin wanda ya ɗauko musu kayan zuwa gida. Na ce na tabbata akwai wani jika a wurin, an bar shi da kaya a ka, kowa ya ruga da murna.

Ta ɗauki tsintsiya ta buga mini a ƙafa, ba da ƙarfi ba, ƙarfin ma babu. Sai ta lumshe ido har na zaci ta yi barci a zaune.

Can ta fara ba ni labarin ranar ƙarshe a asibiti, wanda ban taɓa ji ba. Ta ce kakana ya tambaye ta, wannan da ya mutu ya tashi, yana karɓar wanda ya zo bayan kasuwa ta watse? Ta ce masa yana karɓa. Ya ce ba shi da komai a hannu. Ta ce ba a ce ya kawo komai ba, an riga an biya a kan gicciye. Sai ya yi dariya, ya ce ya san wannan aiki. Ya tsamo mutane da yawa daga kogi, kuma wanda ya fi wuyar tsamowa shi ne mai ƙoƙarin taimakon mai cetonsa, yana dukan ruwa yana shaƙe wuya. Wanda ya saki jiki shi ake fitarwa. Ya ce to shi ya saki jiki.

Ta dubi bokitin, ta ce, "Ni na ce masa yana karɓa. Da bakin nan nawa. Sannan na zo ina ta ƙara masa farar ƙasa, kamar ƙarya na yi masa."

Ta share gumi da bakin zane. Ta ce ita ba ta san inda yake ba, amma wanda ya fita daga nasa kabarin ba giginya yake dubawa ba. A raina na ce alhamdu, za mu zubar da farar ƙasa mu tafi. Har na miƙe na kama hannun bokiti.

"Ina za ka?" in ji ta. "Dama ta. Shafe su duka."

Na ce duka kamar yaya, amarya, mutanen nan ko sunansu ba mu sani ba.

"Ɗaya a ciki nasa ne. Sauran su samu kyauta, yadda shi ma ya samu."

Na share, na cire ƙaya, na roƙo ruwa a wani gida, na dama, na shafa. Tana zaune a kan kututture tana nuna mini inda na tsallake. Ta ce yau ba don a ƙara wa kowa komai ba ne, don dai gobe idi ne, wuri ya yi kyau. Ni dai bayana bai ga bambanci ba. Kafin in gama na zama fari tun daga gashi har yatsun ƙafa, har wani yaro da ya leƙo ta katanga ya gan ni ina tasowa daga tsakanin kaburbura ya zubar da tallansa ya gudu. Ina jin har yau yana ba da labarin cewa a garinsu tashin matattu ya riga idi da kwana ɗaya.

A kwalekwalen komowa ta jingina da kafaɗata ta yi barci, bokitin wofi yana tsakanin ƙafafuna. Washegari a majami'a, fasto ya ce Almasihu ya tashi, jama'a suka amsa, ni kuwa ban tashi ba sai da yayata ta mintsine ni. Abin da ya rage na wa'azin ban ji ba.

Bayan an ci shinkafa, kaka ta kira babana gefe, ni ina kwance kusa kamar matacce amma kunnena a buɗe. Ta ce masa zancen kai ta ƙetare ya bar shi. Idan lokaci ya yi a sa ta nan Gaya, kusa, inda ba sai an wahalar da yara ba. Babana ya tambaya, to wa zai sa wa tsoho baki? Ta ce yana da mai sa masa baki, wanda ya fi ta iya magana. Babana ya ce to, inna.

Ta miƙa wa mamata bokitin ta ce a riƙa wanki da shi. Har yanzu idan aka jiƙa kaya masu duhu a ciki sukan fito da ɗan fari a jiki, kuma ni ake zagi.