Kwalabe Huɗu a Akwatin Alhaji Mamane

Shekara goma sha bakwai na yi ina gyaran injunan ban ruwa a fadamun Tounouga, amma akwai wata Talata ta watan Disamba da har yau ba ta fita raina ba. Ku da kuke koyon wannan sana'a, ku saurara, don ku ma za ku gamu da irinta.

A lokacin ni ne bakaniken wata kofaratif, wato ƙungiyar haɗin gwiwa ta manoman shinkafa da ke bakin kogi. A Gaya nake zaune, sai in hau moto in je duk sa'ad da aka kira ni. Tsarin wurin mai sauƙi ne: akwai shugaba, Alhaji Mamane, dattijo mai faɗa a ji, shi ke riƙe da makulli, akwai Seyni, mai kula da mangaza, inda ake ajiye kaya, sai ni. Ko buji ɗaya, wato fulogin inji, ba na iya ɗauka ba tare da izinin Alhaji ba. Injunan manoman shinkafa tara ne. Na goma na ƙungiyar mata ne masu lambun albasa, shi kuma a gidan shugabarsu, Inna Hawwa, yake kwana.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: idan damina ta faɗi ba a buƙatar inji, sai a kai su mangaza su yi wata shida a ajiye. Matsalar ita ce esansi, wato fetur, ba ya jure dogon zama, musamman a zafin ƙasarmu. Ƙarfinsa yana tashi, launinsa ya yi duhu, ya bar wani danƙo a cikin karburato. Danƙon nan yana toshe jikler, wato 'yar kafar da mai ke bi, wadda ba ta fi bakin allura ba. Maganin abin shi ne wani ruwa da ake sayarwa a ƙaramar kwalba. Ana cika tanki da sabon esansi, a zuba ɗan awon da aka rubuta a jikin kwalbar, a kunna inji minti goma don ya zaga ko'ina, sannan a ajiye. Yana hana mai lalacewa ne. Wanda ya riga ya lalace, ba ya ta da shi.

Na sha wuya kafin kofaratif ta yarda aka sayo kwalabe huɗu. A farkon watan Yuni, a taron rufe noman rani, na tsaya gaban jama'a na yi bayanin nan sau biyu da Hausa, Seyni ya maimaita da Zabarmanci. Na miƙa kwalaben hannun Alhaji, na ce, "Alhaji, ranar da za a ajiye injuna ba na nan, ina da aiki a garin Bana. Don Allah ku sa a zuba kafin a rufe."

Ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba ta a rana, ya ce, "Malam Isufu, ka tafi da kwanciyar rai. Abin yana hannuna."

Lalle kuwa yana hannunsa.

Ranar Talatar da nake ba ku labari, an riga an yafa irin shinkafa a fangalin reno kwana tara, ya tsiro kore shar, danshin ƙasa kuma ya fara janyewa. Irin da ke wannan mataki ba ya haƙurin ƙishi. Da hantsi na iso, na tarar an jera injuna tara a bakin ruwa, mutane sun yi zufa wajen jan igiya. Na buɗe murfin tanki na farko, wani wari kamar na tsohon fenti ya bugi hancina. Na tsiyayi kaɗan a tafin hannu, ja kamar shayi. Na biyu haka, na uku haka, har na tara.

Na ja Seyni gefe na ce, "Kai, ina maganin da na bari?"

Ya sunkuyar da kai. "Yana akwatin Alhaji. Na tuna masa ranar ajiya, ya ce injuna lafiyarsu ƙalau, ba a ba mai lafiya magani. Wai a bar shi sai ranar da suka yi ciwo."

Ban gama haɗiye wannan magana ba sai ga Alhaji Mamane tafe da akwatin ƙarfe a hammata, fuska a sake. Ya buɗe kwaɗo, ya fito da kwalaben a naɗe cikin sabon ƙyalle, ko murfi ba a taɓa ba.

Ya ce, "Kun gani? Da na biye wa masu gaggawa, yau da me za mu yi magani?"

Na ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, lokacinsa ya wuce. Man nan ya mutu. Sai an zubar da shi an wanke karburato."

"A zubar? Man da jama'a suka sayo? Kai ne fa ka ce mana maganin mai ne."

"Na ce yana hana lalacewa."

"To, abin da ya hana ciwo ai zai warkar da shi."

Kafin in sake buɗe baki ya juye kwalba guda cur a tankin injin farko, abin da ya isa injuna uku. Ya girgiza injin, ya sa aka ja igiya. Aka ja, aka ja, har igiyar ta tsinke. Ya ce ƙila bai ishe shi ba, ya ƙara ta biyu. Na tsaya ina kallo, hannuna a ƙugu, zuciyata tana tafasa, ga shi sa'an mahaifina ne, ba halin in fizge kwalba a hannunsa gaban jama'a.

Abin da ya fi ƙona mini rai bai zo ba tukuna. Da injin ya ƙi tashi, sai idanu suka juyo kaina. Wani ya ce an kawo mana jabu daga tsallaken gadar kan iyaka. Wani ya ce ai bakanike ba zai kawo abin da zai hana shi samun aiki ba. Ni da na yi bayani sau biyu, ni ne na zama macuci.

Ana cikin wannan sai ga amalanken jaki ya iso da injin mata, Inna Hawwa tana biye da shi. Ita tun a watan Yuni ta aiko da injin rumfata a Gaya, na zuba masa daga kwalbar da nake aiki da ita, na kunna shi minti goma, aka mayar mata. Ta zo ne su fara ban ruwan albasa. Ta dubi taron, ta dubi igiyar da ta tsinke, ta ce, "Isufu ɗana, zo ka ta da mini nawa in ga ko shi ma ya kamu da ciwon maza."

Na duba buji, na buɗe makunnin mai, na ja. Ja na biyu ya tashi, ruwa ya feso daga tiyo.

Inna Hawwa ta juya ga Alhaji ta ce, "Yaya Mamane, albasata za ta iya jiran kwana uku, irinku ba zai iya ba. Ku ɗauka. Amma sabon mai za ku zuba masa, ba wannan jan ruwan naku ba."

Alhaji ya naɗe kwalabe biyun da suka rage, ya miƙa wa Seyni.

Inji ɗaya ba ya shayar da fangalin mutum talatin. Aka yi layi, aka fara da na kusa da kogi. Ni kuma na shimfiɗa buhu ƙarƙashin mangwaro, na kwance karburato ɗaya bayan ɗaya, ina jiƙa su, ina huda jikler da silin waya, ina busawa da baki har leɓena ya sale. Kwana uku na yi a ƙauyen. Injuna bakwai suka tashi, biyu sai da aka sayo musu sabon karburato daga Gaya. Ruwa bai kai ga fangalin mutum huɗu da ke can ƙarshe a kan lokaci ba. Irinsu ya ƙone, suka sake yafawa, dashensu ya makara, zafi ya riske shi yana fure. A shekarar ba su sami rabin abin da suka saba ba. Ɗaya daga cikinsu har yau gaisuwarmu ba ta wuce "ina kwana".

Da Yuni ya zagayo, a taron rufe rani, Alhaji Mamane ya miƙe ya ce ya yi dogon nazari, ya kafa sabuwar doka: ba injin da zai shiga mangaza sai an zuba masa magani. Aka tafa masa. Ni ma na tafa, me zan yi?

Abin da na koya shi ne, a sana'armu bayani ba aiki ba ne. Mutanenmu ba wawaye ba ne. Sun saba tattalin abu mai tsada, kuma da wuya su yarda a kashe shi a kan injin da ke tafiya lafiya lau. Na san haka, amma na miƙa kwalba na tafi Bana. Tun daga ranar, duk inda aka sa ranar ajiyar injuna, ko aikin wa ke jirana, ni nake zubawa da hannuna, in tsaya in ji ƙarar kowanne minti goma, sannan a rufe ƙofa.