Tsoho Mai Awo da Zare

Mai shagon takalma ta daɗe tana kallon tsohon nan. Dogo ne siriri, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, tafin hannunsa duk kanta, irin ta wanda ya tsufa yana riƙe zarto. Yana tsaye a layin takalman mata, yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya ɗora masa wani guntun zare, sannan ya danna cikinsa da yatsa ya ji laushinsa.

"Baba, na wa ake nema?"

"Na uwar 'ya'yana ne, 'yata. Awon ƙafarta ke nan."

"Ai da ka zo da ita ta gwada."

Ya yi ɗan murmushi. "Shekara biyu ke nan rabonta da taka ƙasa. Likitoci sun ce da wuya."



"Ni ma wani lokacin zuciyata takan yarda da su," in ji shi. "Amma in Allah ya tashi kafaɗunta, ba na so ta tarar na fid da rai."

Ta sa masa wanda ya zaɓa a leda, tana ayyana shi durƙushe a bakin gado yana auna ƙafar a hankali. Ya rungume ledar ya shige cikin jama'a. Ita kuwa tana tsaye a ƙofa, tana tunanin ko akwai wanda ya san lambar ƙafarta a duniyar nan.